Yadda Za A Kalli Shirin Binciken Laifi Da Aka Ciro Daga Littafi

Duk wanda yake son ya ci moriyar irin waɗannan shirye-shirye, ya kamata ya fara karanta littafin, domin a shafi ne marubuci yake ɓoye alamun da mai ɗaukar hoto yakan nuna a cikin daƙiƙa biyu ya wuce. Masu sayar da tsofaffin littattafai a kewayen Sabon Gari sun cancanci a leƙa su.

Ga mai farawa, na fi ba da shawarar shirin Poirot na tashar ITV ta Ingila, wanda aka ciro daga littattafan Agatha Christie, inda David Suchet ya fito a matsayin jami'in binciken ɗan ƙasar Beljiyam daga 1989 zuwa 2013, a cikin shirye-shirye guda 70. Daga nan sai shirin Sherlock Holmes, inda Jeremy Brett ya fito a matsayin jami'in binciken, shirin da ya gudana daga 1984 zuwa 1994.

Idan za ka je wajen masu tura finafinai a waya, ka nemi mai ɗauke da rubutun magana a ƙasa, saboda Turancin Ingila na dā yana da wuyar kamawa da kunne. Ka ajiye takarda da biro, ka rubuta sunan kowane mutum da inda ya ce yake lokacin da aka yi kisan, musamman ma'aikatan gida, waɗanda mai kallo yakan raina. Kafin jami'in ya tara mutane a falo domin ya tona asiri, ka tsayar da shirin, ka rubuta wanda kake zargi da hujjarka, sannan ka ci gaba.