Yadda Ake Duba Injin Mota Kafin a Biya Kuɗi

A majalisarmu ta bayan la'asar musun mota ba ya ƙarewa. Mutanen Toyota sun kafe a kan Corolla ta 2003 zuwa 2008, wai ita ce motar talaka, ba ta shan mai kuma ba ta kwana a gareji. 'Yan Honda su ce ai wanda bai taka EOD, wato Honda Accord, a titin Zariya ba bai san daɗin tuƙi ba. Direbobin haya kuwa Golf 3 ce tasu, saboda kayanta ko a ƙauye ana samu. Ni ɗan Fijo ne tun asali. A cikin 504 ta Baba na tashi, wadda aka haɗa a kamfanin PAN na Kakuri a Kaduna, wanda ya fara fitar da motoci a 1975. Har yau idan na ji ƙarar injinta nakan waiwaya.

Amma duk motar da ranka yake so, in dai ta hannu ce, ko 'yar Kwatano ko wadda ta sha titinmu, injin da ke gabanka shi za ka saya, sunan kamfani ba zai tuƙa ka ba. Na koyi wannan ne a Kwanar Ɗangora, kwana tara bayan na sayi wata mota da na tarar dillali ya riga ya ɗumama ta. Allurar zafi ta haye, tururi ya turnuƙe bonet, ga iyali a ciki. Gasket ne ya ƙone, kuma bakaniken da ya kwance injin ya nuna mini alamar cewa ya daɗe da fara ci. Tun daga ranar nake bin matakan nan.

Fara sanin abin da ke gudana a ciki, don ka gane abin da kake nema. Kowane fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin ramin da ake kira silinda, aiki huɗu yake yi. Ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su turo shi ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Wani Bajamushe, Nikolaus Otto, shi ya tsara wannan a 1876, kuma shi ne a cikin Corolla da Golf da Fijo baki ɗaya. Abu uku ne ke zagayawa a injin, kowa da hanyarsa: wuta, baƙin mai, da ruwa. Ringin fistin ne ke hana baƙin mai hawa wurin wuta, gasket kuma ke raba ruwa da sauran biyun. Yawancin duban da za ka yi, neman inda waɗannan ukun suka haɗu ne.

Ka je da sassafe, ka kuma gaya wa mai motar tun dare kada a tayar da ita. Da ka isa, buɗe bonet ka ɗora bayan hannunka a kan injin. In ka ji ɗumi, ka ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri, gobe zan dawo." Ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi, sai giɓin da ke tsakanin fistin da silinda ya ragu, ƙara da hayaƙin da za su tona asiri su ɓuya. Injin mai sanyi ba ya iya wannan ɓoyon.

Kafin a murɗa makulli, zaro sandar awon mai, goge ta da farin ƙyalle, mayar, sake zarowa. Shafa man tsakanin yatsu biyu. Baƙi kawai ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne ka ji tsaki-tsaki kamar yashi, ko ka ga ya yi kauri yana jan zare kamar zuma, domin wasu na ɗura mai mai kauri don ya danne ƙarar injin da ya gaji. Daga nan kwance murfin da ake zuba mai ka juya cikinsa. In ka ga wani abu launin shayi mai madara ya manne, ruwa ya shiga mai ke nan. Leƙa ramin da fitilar waya: ƙarfe ya kamata ka gani yana ƙyalli, in kuwa baƙin dasƙararren abu ne kamar kwalta, an daɗe ana wasa da juye. Sai murfin lagireto, wanda ba a taɓa buɗe shi sai injin na sanyi, don ruwan da ke ciki kan yi tsalle ya sale fuska. Jan ruwa mai tsatsa na nuna ruwan famfo zalla aka daɗe ana zubawa. Maiƙo a saman ruwan kuwa gasket ne.

Yanzu murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada ka tayar. Dole fitilar injin da ta baƙin mai su kama, su kuma mutu bayan motar ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, mai yiwuwa an cire ƙwanta ko an liƙe ta.

Sa wani ya tayar, kai ka tsaya a bayan salansa. A nan nake ɓata lokaci fiye da ko'ina. Ɗan farin tururi da sanyin safiya, musamman a hunturu, ba komai ba ne, yana ɓacewa cikin 'yan mintuna. Farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi tsayawa ruwa ne ke ƙonewa. Baƙin hayaƙi fetur ne ya fi iska yawa, sau da yawa nozil ne ko matatar iska ko wani sansa, kuma gyaransa da sauƙi, sai dai a rage kuɗi. Shuɗin hayaƙi shi ne na ƙi jini, baƙin mai ne ke ci. In ya fito sau ɗaya da tashi sannan ya ɗauke, robar bawul, wato ƙofar shigar iska da fitar hayaƙi a silinda, ce ta bushe, mai ya ɗiga cikin dare. In kuwa duk sanda aka taka totur sai ya biyo, ringi ya tafi, kwance injin ne a gabanka.

Koma gaba, motar tana silo, murfin lagireto a buɗe tun tana sanyi. Kumfa da ke ta fitowa ba ƙaƙƙautawa na nufin matsin silinda na kutsawa cikin ruwa. Rufe kafin ta ɗau zafi. Sassauta murfin mai ka ɗora tafin hannu a saman ramin. Ɗan huci ba laifi, amma in yana busa hannunka da hayaƙi, matsi na zurarewa ta gefen ringi.

In ka zo da bakanikenka, kuma ya kamata ka zo da naka, sa shi ya kwance fulogai ya jera su a kan kwali yadda suke a injin. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiya lau. Mai baƙin toka a bushe fetur ya yi yawa. Mai maiƙo baƙin mai ne ke hawa. Wanda ya fi 'yan'uwansa haske tas kamar an wanke shi, ruwa ne ke wanke shi. Tunda fulogan na waje, a auna matsin kowace silinda da agogon awo. Kada wata ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100.

Tambayi taimin. Karanshaf, sandar da fistin ke juyawa, na juyawa sau biyu kafin kamshaf, mai buɗe bawul da rufe su, ya juya sau ɗaya, abin da ke riƙe wannan lissafi kuwa ko bel ne ko sarƙa. Corolla mai injin 1ZZ da EOD mai silinda huɗu sarƙa gare su, sai dai ka saurari kacau-kacau a daƙiƙun farko na tashi. Fijo 406 bel ce, kuma in ya tsinke a guje fistin kan daki bawul ya lanƙwasa su. Duk son da nake yi mata, ranar da na sayi ta hannu ranar nake sa sabon bel, ko me mai ita ya faɗa mini.

Akwai wata al'ada da nake adawa da ita, ta cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan injin, a haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi. Injin yana da zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90. In bai kai ba, ƙwaƙwalwar motar za ta ci gaba da ƙara fetur, ga tsadarsa tun da aka janye tallafi a 2023. Ka ga fanka ta kama da murɗa makulli alhali iyakwandishan na kashe, ka tambayi dalili, domin wani lokaci ɗaukar zafi ake rufewa da ita.

Motocin Amurka daga 1996 suna da soket a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar bincike. A jona bayan an yi tafiyar gwaji da motar, kar kafin, don laifin da aka goge ya samu damar dawowa. Tafiyar kuma ta kai rabin awa, a shiga cunkoso irin na Ƙofar Ruwa da iyakwandishan a kunne, idonka na kan allurar zafi. Da kun dawo, faka ta, shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin, ku zauna a inuwa minti goma sha biyar. Ruwa fari tas a ɓangaren fasinja na iyakwandishan ne. Ɗigo baƙi, ko ja, ko kore, sa bakanike ya kwanta ya bi shi har inda ya fito kafin a fara maganar kuɗi.