Kurakuran jan waya da sa firiz da na gaji da gyarawa a Maradi

Makon jiya aka kira ni wani gida a unguwar Zariya, wai firiz ɗin ɗakin uwargida na wari kamar ana ƙona taya. Na kwance shi, na tarar robar bayansa ta narke ta manne da bango. Na tambayi maigidan wa ya yi aikin, ya ce ɗan ƙanwarsa ne, ya yi wata uku a shagon wani mai gyaran kuran, wato wutar lantarki. Wata uku! Gida na huɗu ke nan da na ga irin wannan ɓarna tun shigowar bazara, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ko yaran da ke yawo da turnabis, abin ɗaure sukuru, a aljihu za su ji. Ƴan uwanmu na ƙetaren Jibiya, firiz shi ne abin da kuke ce wa soket, kada ku zaci na sanyaya ruwa nake nufi.

Da waya zan fara, don ita ta taɓa raba ni da babur ɗina.

Shekarar da maigidana ya yaye ni, wani Alhaji ya ba ni aikin shagonsa na sayar da ƙanƙara da lemo. Ya ba ni kuɗin kaya a hannu. Na shiga kasuwa na ga nadin waya iri biyu, duka an rubuta 2.5, lambar kaurinsu, a jikinsu, ɗaya ya fi ɗaya araha nesa ba kusa ba. Na ɗauki mai arahar, na soke canjin a aljihu, ina ganin na yi wayo. Da azumi ya kama aka jona firigo, wato firji, har uku dare da rana, kwana goma sha ba su cika ba silin ya kama da wuta. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, maƙwabta suka kashe da yashi. Da na yanko guntun wayar da ta tsira na kankare ta da wuƙa, sai ga fari fat a ciki. Alminiyom ce aka yi wa wankan jan ƙarfe. Alhaji bai kai ni hukuma ba, ya dube ni kawai ya ce, "Yaro, amana na ba ka." Na sayar da babur na biya, kuma har yau in na bi ta layin nan sai na sunkuyar da kai.

Alminiyom ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, kusan kashi 60 cikin 100 take ɗauka in kaurinsu ɗaya. Tana kuma saki a bakin sukuru, inda ta saki nan zafi ke taruwa. Tun ranar ba na biyan kuɗin waya sai na fere bakinta na kankara a gaban mai shago, in kunna mata ashana. Ta jabu nan take take lanƙwashewa ta yi laushi. Mai shagon da ya ɓata rai don na gwada, na san abin da yake sayarwa.

Ko wayar ta ƙwarai ce, kauri na da magana. Kuran ɗinmu bolt 220 ne. Dutsen guga mai wat 2000 yana jan wajen amfa 9, hitar da ake tsomawa a bokiti lokacin ɗari ita ma kusan haka. Haɗa su a layi ɗaya, amfa 18 ke nan, a kan wayar 1.5 da aka yi don ƙwan fitila da fanka. Ni a aikina 1.5 ta fitilu ce da disjonktar (makunnin da ke faɗuwa ya yanke wuta in kaya sun yi yawa) mai amfa 10, firiz kuma 2.5 da mai amfa 16. Ƙa'idar Faransa da aka koyar da mu ta yarda a kai amfa 16 a fitilu da 20 a firiz, amma ba a rubuta ta a ƙarƙashin rufin kwanon Maradi cikin watan Afrilu ba. Kilim kuwa, na'urar sanyaya ɗaki, layinsa daban tun daga allon rarraba wuta, ba ya raba waya da kowa.

Kuma don Allah, ku masu cewa disjonktar "ya cika faɗuwa" ku je ku sayo babba ku sa, wa ya koya muku? Wayar yake gadi. In ya faɗi, gaya maka yake kaya sun yi mata yawa. Ka cire mai 16 ka sa mai 32 a kan siririyar waya, ka kori maigadi ke nan don ya cika tashinka daga barci. Na taɓa ganin wanda ya ɗaure hannun disjonktar da tsinke da roba. Ban ma iya yi masa faɗa ba, tattara kayana na yi.

Na biyu shi ne gurub, wato janareta, kuma wannan a jikina na ji shi. Wutar da muke sha a nan daga Najeriya take shigowa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Da aka yanke ta a watan Agustan 2023, duk mai ɗan hali ya nemi gurub, sai wata muguwar dabara ta cika gari: a samo waya a sa mata kan jonawa gaba da baya, ɗaya a gurub, ɗaya a firiz ɗin zaure, gida duka ya haska. Sauƙi, ko ba haka ba?

Ina bisa tsani a wani gida a Ali Ɗan Sofo, ina canza wayar fanka. Babu kuran a unguwar, kuma na sauke babban disjonktar na wajen kontar, wato mitar wuta, da hannuna. Hankalina kwance. Ashe ɗan gidan ya dawo daga makaranta yana son cajin waya, ya ja igiyar gurub a zaure. Wutar ba ta bi ta kontar ba balle abin da na kashe ya tare ta, ta firiz ta shigo ta zagaye gidan ta same ni da danyar waya a hannu. Abin da na sani kawai na gan ni a ƙasa, wuyan hannuna na dama ya karye. Wata biyu ina zuwa wurin maɗori, ba aiki, ga iyali. Hajiyar gidan ta yi ta "sannu Malam, yaro ne bai sani ba." Gaskiyarta. Babban da ya haɗa wayar nan mai kai biyu ya ajiye a zaure, shi ya sani.

Kuma ni na yi sa'a. In ba a sauke babban disjonktar ba, wutar gurub fita take ta bi layi har bisa falwaya, inda ma'aikacin kamfanin wuta na NIGELEC ke aiki yana ganin layin a mace yake. In kuran ya dawo kwatsam kuma, gurub ɗin ne zai ƙone. Ga ƙarfen kan wayar da ke waje tsirara, yaro na iya damƙa. Maganin abu ɗaya ne, wuƙar canji mai matsayi uku, wadda muke kira anbarsar: sama kuran, ƙasa gurub, tsakiya babu kowa. Gidan da ya ƙi sayenta ba na yi masa aiki, ko nawa za a ba ni. Yanzu kuma kafin in hau tsani sai na zagaya gida na ga ko akwai gurub ko batirin sola. In akwai gurub, hular bujinsa, wato fulogi, nake cirewa don kada ya tashi. Abokan aiki na yi mini dariya, su yi. Testa ma sai na fara gwada ta a inda na san akwai wuta, don testar da ta mutu kullum cewa take lafiya lau.

Wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, yawancin gidajen da nake shiga babu ita, ko kuma an sa ta a firiz an bar ɗaya bakin yana lilo cikin silin. Shi ya sa firigo ke cizon mutum in ya taɓa shi ba takalmi. Ƙasarmu rairayi ce, busasshiya, ɗan guntun ƙarfe ba ya komai a cikinta. Ina kafa sanda mai mita 2 kusa da wurin alwala ko makwararar ruwan wanka, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima. Wasu na zuba gishiri, ni na daina, yana cin ƙarfen. Sannan a sa difaransiyal mai miliyamfa 30 a allo. Shi ne ke yanke wuta in ta bi ta jikin mutum, disjonktar na yau da kullum bai san wannan aikin ba. A danna maɓallin gwajinsa duk wata.

Sauran ƙanana ne, amma kullum sai na gan su. Makunnin fitila a kan waya mai wuta ake sa shi, ja ko ruwan ƙasa, ba shuɗiya ba, in ba haka ba ka kashe fitila amma mazaunin ƙwan na nan da wuta. A daina murɗa waya biyu a naɗe da sikoc, wato salatif, a binne cikin siminti. Domino, ɗan mahaɗin waya mai sukuru, da akwatin haɗi ba su da tsada. A ginin ƙasa kada a binne waya tsirara, a zura ta cikin bututun roba, damina na zuwa. Kayan da aka sayo daga Katsina ko Kano masu ƙafa uku masu kusurwa, a canza musu kai ko a sa firiz irin nasu, a bar yanke kan ana cusa danyar waya da tsinken ashana. Ba na sa firiz a makewayi, ko an roƙe ni. A gidan da ke da masu rarrafe kuma ɗaga shi nake sama da mita ɗaya, ko da matar gida ta ce bai yi kyau ba.

Na gidan Zariya kuwa, wayar ta ƙwarai ce, kaurinta ma daidai. Sukuru ɗaya ne yaron bai ɗaure ba, wayar na rawa a ciki tana tartsatsi duk lokacin da aka jona dutsen guga. Na sa aka kira shi, na miƙa masa turnabis, muka bi firiz goma sha ɗaya na gidan ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaurewa ina jan wayar da yatsa. Huɗu suka zare a hannuna.