Babi Na Shida: Lambar Shaidarka, Yadda Za Ka Karanta Ta Da Yadda Za Ka Tsare Ta

Darasi na ɗaya: Gane lambar

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Kowa ya fito da takardar shaidar ɗan ƙasa da na ce a zo da ita. A ɗora ta kan cinya, hoton yana kallon sama. Wanda ya mance tasa ya zauna ya saurara, amma kada ya leƙa ta maƙwabcinsa.

Hukumar da ke ba da wannan takarda sunanta NIMC, an kafa ta da doka a 2007. Lambar da ta ba ka ita ake kira NIN. Mutum ɗaya, lamba ɗaya, har iyakar rayuwarsa. Tun watan Disamba na 2020, da gwamnati ta ce a haɗa ta da layin waya, ta shiga ko'ina: banki, fasfo, jarrabawar JAMB ta 'ya'yanmu. Yanzu kuma ana son mayar da shaidar cikin babbar waya, ta zama kamar alaben da kakanninmu ke ɗaurawa a ƙugu, sai dai wannan ba a taɓa shi da hannu.

Ga inda ake rikicewa. Lambobi uku ne suka yi kama, kowace ƙwaya 11 ce. Lambar waya tana farawa da sifiri. Lambar banki ta BVN, wadda Babban Banki ya kawo a 2014, yawanci da 22 take farawa. Ta ukun ita ce NIN, wadda ke kan takardar da ke cinyarka. A takardar akwai wata lambar daban mai haɗe da baƙaƙe, ta bin sawun rajista ce, ba ita muke nema ba. Nemi inda aka rubuta baƙaƙe uku, N, I, N. Ɗora yatsa a wurin.

Darasi na biyu: Daga hagu ake farawa

Wannan darasi shi ne ƙashin bayan babin, don haka kada a gaji da ni.

Ɗaga hannun hagu. A'a Baba, wancan na cin tuwo ne, ɗayan nake nufi. Yawwa. Daga wannan ɓangaren ake fara karanta lamba. Yawancinmu a nan Zariya da allo muka buɗe ido, mun saba farawa daga dama, kuma wannan ba abin kunya ba ne, ilimi ne. Amma ita wannan lambar daga hagu take tashi.

Ga lamba ta gwaji, ba ta kowa ba ce, ni na shirya ta:

1069 601 9160

Na raba ta gida uku: huɗu, uku, huɗu. Ɗora yatsa kan ta farko daga hagu. Ɗaya. Matsa. Sifiri. Matsa. Shida. Matsa. Tara. Tsaya nan, ka huta. Kada a ce “dubu ɗaya da sittin da tara”, ba kuɗi muke ƙirgawa ba. Ƙwaya-ƙwaya ake faɗa, kamar jan carbi.

Lura da shida da tara. Shida tumbinta a ƙasa yake: 6. Tara kanta ne babba: 9. In ka riƙe takarda a kife, shida ta koma tara. Shi ya sa na ce hoto ya kalli sama, kan mutum a sama, ba a ƙasa ba.

Yanzu kwafa a littafinka. Daga ina? Daga hagu. Rubuta huɗu, bar fili. Rubuta uku, bar fili. Rubuta huɗu. Sai ka ƙirga da yatsa. In ka samu 10, ka tsallake ɗaya, kuma galibi sifiri ne, don mutane na ganin sifiri ba komai ba ne. A nan komai ne. In ka samu 12, ka maimaita wata. Goge, koma farko, daga hagu.

Wani dattijo ɗalibina daga Ƙofar Gayan ya hau Keke Napep har Sabon Gari sau biyu, yana bin layi, ana ce masa lambarsa ba ta shiga. Ya dawo yana cewa an toshe masa shaida. Da na duba 'yar takardar da ya kwafa, lambobin duk daidai suke, daga dama kawai ya jero su. Yau shi ke gyara wa wasu. To ku ma za ku iya. Sake: hagu, huɗu, uku, huɗu, ƙirga 11. A yi sau biyar kafin a juya shafi.

Darasi na uku: Wa za ka ba, wa za ka hana

Hajiya ta tambaye ni makon jiya: “Malam, su da suka ɗauki hotona da zanen yatsuna, wa ke gani?” Tambaya ce mai kyau, kuma masu digiri a Samaru ma suna yin ta. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, da hukumarta mai suna NDPC. Dokar ta ba ka 'yancin sanin dalilin da ya sa ake karɓar bayananka. Saboda haka kana da damar cewa, “Me za a yi da ita?” Ku faɗa mu ji. Da ƙarfi. Tambaya ba rashin kunya ba ce.

Amma doka ba za ta bi ka kasuwa ba. A nan ne raina ke ɓaci. Wata uku ina faɗa, jiya kuma na ga ɗayanku ya miƙa wa yaron da ke cajin waya takardarsa, ya ce ya ajiye masa har ya dawo daga masallaci. Haba! Ka taɓa ba shi makullin ɗakinka? Wata kuma an kira ta an ce daga ofishin tallafi ne, ta karanta musu NIN, ta ƙara da lambobin da suka shigo mata ta saƙo. A nan ba ta yi kuskuren hagu da dama ba, tiryan-tiryan ta karanta. Kafin la'asar asusunta ya koma wayam. Waɗannan lambobi na saƙo, da ake kira OTP, da lambar sirri ta katin banki, ba a faɗa wa kowa. Ko mai POS, ko wanda ya ce shi ma'aikacin banki ne. Kashe wayar kawai. In an yi maka fotokwafi, karɓi har wadda ta lalace, kada a naɗe wa wani ƙosai da fuskarka.

Darasi na huɗu: Mai ƙaramar waya

Na san yawancinku ƙaramar waya mai tocila gare ku, kuma manhajar shaidar sai babbar waya da data da caji, ga rubutun da Turanci. Wannan ƙorafi naku gaskiya ne, ni ma ban ga yadda za a ce tsohuwa a Kwarbai ta sayi babbar waya don shaida kawai ba. Takardarku tana aiki, ku adana ta cikin leda.

In ta ɓace, ɗauki layin da ka yi rajista da shi. Danna tauraro, 3, 4, 6, sai alamar nan mai kama da gidan dara: *346#. Danna kira, ka bi abin da ya fito. Za a cire kuɗi kaɗan. In lambar ta fito, kwafa daga hagu, ƙirga 11.

Darasi na biyar: Zanen yatsa

Manoma da tsofaffi, wani lokaci a wurin rajista na'ura ba ta kama yatsunsu saboda zanen ya suɗe. Wanke hannu, goge, a sake gwadawa. Mata a bar ƙunshi sai bayan an dawo. Rajistar farko kyauta ce.

Aikin gida

Kwafi lambar gwaji sau goma. Kada a rubuta ta gaskiya a littafin aji. A zo da fensir ranar Laraba.