Yadda za ka wuce watanka na farko a Rune Factory 4

Na fara buga Rune Factory 4 Special a na'urar wasan bidiyo ta Nintendo Switch da tunanin wasan noma ne zalla, sai na tarar takobi da fartanya a jaka ɗaya suke kwana. Kamfanin Neverland na Japan ne ya ƙirƙiro shi a 2012 don 3DS, ƙaramar na'urar wasa ta hannu, daga baya aka sabunta shi. Kana faɗowa daga jirgin sama a garin Selphia, ka manta ko kai waye, sannan a ɗora maka sarauta da gona.

Kafin kuɗi, ka sa ido a kan RP, ma'aunin ƙarfin jikinka. Huɗa, ban ruwa, girki, ƙira, duk daga nan suke ci. Idan ya ƙare, aikin sai ya koma cin lafiyarka. A kwanakina na farko na dage sai na fasa duwatsun gonar kaf da guduma, ban ankara ba na faɗi sumamme. Na farka a asibitin garin, likita ya yanki kuɗina, ranar kuma ta tafi a banza. Tun daga nan ba na fita daji sai da abinci a jaka, idan na gaji in shiga gidan wanka in dawo da ƙarfina.

Kullum da safe ka fara zuwa wurin Eliza, akwatin da ke ba da aike. Ita ce malamar wasan, kuma ta hanyarta sababbin iri ke shigowa kanti. Kada ka cika gona da shuka. Ɗan fili ya isa. Idan amfani ya nuna, bar guda ɗaya ka sare shi da lauje, zai ba ka iri mai daraja sama da wanda ka shuka. Busasshiyar ciyawa ma kada ka sayar, jefa ta ƙasa ka bi da fartanya, taki ce.

Abin da ya sa nake ƙaunar wasan shi ne komai a haɗe yake. Makin sarauta da ka tara a matsayinka na mai sarautar garin shi ke saya maka lasisin girki da na ƙira. Burodin Porcoline, mai gidan abincin garin, ke koya maka sababbin girke-girke. Wooly, tunkiyar da kake faɗa da ita a daji, idan ka gina garke ka ba ta kyauta, za ta biyo ka gida ta riƙa ba ka ulu, in kun shaƙu har ta taya ka aikin gona. Ranar da na fito na tarar an riga an yi mini ban ruwa, na daɗe tsaye ina kallo.

Inda yake ɓata mini rai shi ne maganar aure. Sai wasu labaran gari sun faru kafin a kai ga ɗaurin aure, su kuwa sa'a ce ke kawo su, kana iya shafe wata guda kana jira. Zanen ma na ƙaramin allo ne, a talabijin tsufansa na fitowa. Ga surutu da yawa a farko, babu Hausa, wanda Turancinsa bai nuna ba zai sha wuya. Guguwa kuma kan share shuka a dare ɗaya, don haka ka riƙa ɓoye ɗan iri mai daraja a akwati.