Kurakuran da malamai ke yi wajen koya wa yara yarda da jikinsu ta salula da tablet

Yaro ɗan shekara 11 zuwa 14, wato ɗan siziyam ko sankiyam, jikinsa na sauyawa fiye da yadda hankalinsa ke iya bi. Malamin da ya ɗauko salula, tablet ko majigi don ya kwantar masa da hankali a kan siffarsa ya yi abin kirki. Sai dai akwai wuraren da aikin ke karkacewa, kuma yaran ne ke kwana a ciki.

Babban kuskure shi ne sauko da bidiyon da aka shirya wa yaran Faransa ko Amurka a kunna shi yadda yake. Can yawanci damuwar ita ce neman rama. A Maradi kuwa siririyar yarinya ce ake ce wa tsinke, baƙa kuma ake yi wa gori. Ita ce za ta je wurin mai tallar magani ta sayi sha-ka-fashe, ko ta fara shafa man bilicin a ɓoye. Cikin ƙwayoyin ƙiba akwai deksametazon, wanda ke kumbura fuska, ya hau da sukari da jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Mayukan canza fata kuma sukan ƙunshi haidrokinon, kotikoyid ko makuri: fata ta yi laushin da ba na lafiya ba, nankarwa ta fito, makuri kuma ya taɓa ƙoda. Bidiyon da bai san wannan ba, ba da ɗiyarmu yake magana ba. Gyaran ba shi da tsada. A gayyato majo ko ungozoma daga asibitin unguwa, a ɗauki bayaninta na minti biyar da Hausa, a yi ta amfani da shi aji bayan aji.

Wani kuskuren ya fi ɓata mini rai, domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. Mushe yana son ya nuna yadda filtar TikTok ko Snapchat ke haskaka fata da sirance hanci, sai ya kira yarinya gaban allo ya ɗauki hotonta, kowa na kallo. Kafin a tashi an laƙaba mata suna. Gara malam ya gwada filtar a fuskarsa, yara su faɗi abin da ya sauya. Haka ma awon nauyi da tsawo: kada a haska na kowa a bango.

Ana kuma mance da maza. A garin da ake girmama ƴan kokawa, yaron da bai yi ƙwanji ba, ko muryarsa ba ta buɗe ba, yana shan tsiya shi ma, sai dai ba ya faɗa. Ya kamata ya ji cewa balaga kan fara wa mata tsakanin shekara 8 da 13, maza kuma 9 da 14, don haka yara biyu sa'annin juna na iya bambanta ƙwarai ba tare da wani ciwo ba. A raba maza da mata a irin wannan darasi, madam ta zauna da ƴan mata, a bar kowa ya rubuta tambayarsa a tablet ɗaya ba suna.

Zauren WhatsApp na aji da babu babba a ciki, gara babu shi.

Sai iyaye. Sau da yawa maganar da ta fi zafi daga gida take fitowa: goggo ta ce "kin bushe, wa zai aure ki haka?", ko yaya ta miƙa wa ƙanwarta ragowar man bilicinta. Takardar Faransanci ba za ta kai ga uwar da ba ta yi lakwal ba. A tura mata saƙon murya ta hannun COGES, wato kwamitin kula da makaranta, da ƙungiyar iyaye mata, tun kafin darasin farko, a gaya mata abin da za a nuna wa ɗiyarta da wanda zai nuna.

Kuma a daina tara komai a yini guda na biki. Minti ashirin kowane mako cikin zango ɗaya ya fi amfani, a sauke bidiyon tun da dare a caja na'urar, saboda ranar da wuta ko rezo za su ɗauke.