Matakan Neman Lasisin Aure a Kotun Gunduma a Jihar Ohio ta Amurka

A jihar Ohio, kotun da ke kula da gado a kowace gunduma ita ce ke bayar da lasisin aure.

Da farko, a tantance kotun da ta dace. Idan ɗaya daga cikin masu neman auren mazaunin Ohio ne, sai su nufi kotun gundumar da yake zaune. Idan kuwa dukansu daga wata jiha suke, to gundumar da za a ɗaura auren za su je.

Sannan su je tare da kansu, kowa riƙe da katin shaida mai hoto, su cike takarda, su yi rantsuwa, su biya kuɗin da gundumar ta ƙayyade. Wanda ya taɓa aure aka rabu lallai ne ya zo da takardar hukuncin saki, kuma ya kamata a nemo ta tun da wuri.

Lasisin yana aiki kwana 60 ne kacal. Ya zama wajibi a tabbatar limamin da zai ɗaura auren ya yi rajista da ofishin Sakataren Jiha, domin shi zai sa hannu ya mayar wa kotu takardar shaidar auren cikin kwana 30 bayan ɗaura shi.