Yadda Ake Koyar da Darasin Tsuntsayen Darwin a Aji

Malamai da yawa suna koyar da cewa masanin halittu Charles Darwin yana ganin wasu ƙananan tsuntsayen tsibiran Galapagos ya gano komai game da yadda halittu ke sauyawa. Ba haka aka yi ba, kuma ainihin labarin ya fi shiga ran ɗalibi.

Ka fara da taswira. Nuna wa yara tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado, kimanin kilomita 1,000 daga gaɓar Kudancin Amurka. Can jirgin ruwan Beagle ya kai Darwin a watan Satumbar 1835, ya yi wajen mako biyar.

Sannan ka faɗa musu gaskiya: Darwin bai rubuta tsibirin da ya samo kowane tsuntsu ba. A Landan ne, cikin 1837, masanin tsuntsaye John Gould ya duba su ya ce duk dangi ɗaya ne, baki ne ya bambanta su. Sunan "tsuntsayen Darwin" kuwa sai a 1936 masanin tsuntsaye Percy Lowe ya raɗa shi, littafin wani masanin, David Lack, na 1947 ya baza shi.

Daga nan sai maganar baki, kuma nan ya kamata ka tsaya sosai. Zuba gero, gyaɗa mai ɓawo da dabino a faifai. Raba wa yara matsefata, cokali da awartaki, kowa ya "ci" da abin hannunsa. Sai ka kwashe geron gaba ɗaya, ka ce fari ya zo. Nan take mai matsefata zai tsaya cirko-cirko, mai awartaki yana ta fasa gyaɗarsa.

Yanzu ka kawo hujja. Masana halittu Peter da Rosemary Grant, miji da mata, sun fara auna bakin tsuntsayen tsibirin Daphne Major na Galapagos a 1973. A farin 1977 ƙananan ƙwayoyi suka ƙare, saura masu tauri, har da 'ya'yan wani dangin tsidau mai ƙaya. Mafi yawan tsuntsayen suka mutu. Masu kaurin baki sun fi tsira, 'ya'yansu kuma suka gaje su.

A kula da kuskure ɗaya da yara ke yawan yi: ba bakin tsuntsu ɗaya ne ya girma don yunwa ba. Ka sa kowane ɗalibi ya bayyana da bakinsa wa ya mutu, wa ya rayu, wa ya haihu, kafin ka rubuta kalmar zaɓin yanayi, wato yadda waɗanda suka fi dacewa da yanayi ke tsira su haihu, a allo.